Wa Zai Kai Mini Saƙo Yanzu, Yaya Inuwa?

Yaya. Yaya Inuwa. Ni ce Kyauta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yan'uwana mata na wannan guruf na gidanmu, na Kiru da na Bebeji da waɗanda aure ya kai nesa, wadda ta ji da wadda ba ta ji ba: Allah ya karɓi ran yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, Injiniya Inuwa Dangora, ranar Alhamis ɗin nan, bakwai ga Sha'aban, shida ga watan biyu. Yana fadama yana gyara wa wani mai tumatir injin ban ruwa, sai ya ce kansa yana juyawa, ya je gindin mangwaro ya zauna. Kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. An yi jana'iza bayan la'asar. Yau Asabar da safe aka yi addu'ar uku.

Ku yi haƙuri da ni, zan yi magana da shi ne kai tsaye, don haka na saba. Na shigo ɗakin marigayiya Innarmu na tura ƙofa na sa sakata. Tsakar gida cike take da mata, ana ta miƙo mini fura ana cewa in sa wani abu a cikina. Na kasa zama. Na zauna, na tashi, na leƙa taga, na dawo. Ba kuka ne ya hana ni zama ba, Yaya, kukan na yi shi har muryata ta dishe. Saƙo ne da ni, kuma mai kai mini saƙon ne aka binne shekaranjiya.

Yaran yanzu da ke cikin guruf ɗin nan ƙila ba za su gane ba. Ɗana, yayan su Hamdiyya, ɗan farina ne. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka Inna ta yi da kai, haka na tashi na gani, haka na yi. Yaron nan ya yi aure, ya haihu, gemu ya fito masa, ban taɓa ce masa zo ka zauna mu yi magana ba. Ya gaishe ni in amsa ina kallon wani wuri. Duk abin da ke raina game da shi, kai nake faɗa wa. Yaya ka ce wa yaron nan ya rame. Yaya ka ce wa yaron nan ya daina tafiyar dare. Tun da mahaifinsu ya rasu kuwa, kai ne uban, kai ne bakina. Kana yi kana tsokanata, kana cewa, "Kyauta, ke da shi gida ɗaya, ni ina Dangora, amma sai maganarki ta hau babur ta zo ta koma?" In ce ai kai ne kawu, aikinka ne. Ka yi dariya ka kai.

Kai ka sa shi karatun injiniya. Kai ka raka shi tasha ranar da ya samu aiki a kudu, wajen masu haƙar mai, yana kula da manyan injinan da ke tura mai cikin bututu. Shekarun da ya yi can mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya rufe mini ɗaki da kwano, ya kai ƙannensa makaranta.

Sai shekaran bara, bayan babbar salla, ya dawo da jakunkuna har da fanka. Kamfaninsu ya sayar da rijiyoyinsa, waɗanda suka saya suka zo da mutanensu, aka rage ma'aikata, yana ciki. Ban ji daga bakinsa ba, daga bakin matarsa Hasiya na ji. Mu kuwa a gida muka haɗa baki muka ce hutu ya zo. Dogon hutu. Kun san garinmu, kun san bakin mutane. Wata ya wuce, wani ya wuce, hutu ya ƙi ƙarewa. Shi kuma ya shige ɗaki. Masallaci ma sai an tayar da salla yake fita, ana sallamewa ya sulale. Abin da ya fi ba ni tausayi, kullum sai an yi sallama da shi, wani ya kawo takardun ɗansa, wai in ya koma bakin aiki ya sa masa hannu. Ya karɓa ya ce to. Ina jin su daga madafi, ina juya tuwo.

Ka tuna abin da ka yi mini a ɗaurin auren 'yar gidan liman? Ni dai ba zan manta ba. Maza cike da ƙofar gida, an shafa fatiha, ana rabon goro, sai ka miƙe tsaye. Matan da suka leƙa ta zaure ne suka kawo mini labari kalma kalma. Wai ka ce, "Jama'a, ɗana ba hutu yake ba. An sallame su ne, kamar yadda aka taɓa sallamata. Bai yi sata ba, bai ɓata wa kowa kaya ba. Duk mai ɗan'uwa a harkar mai ko gas, ya faɗa masa akwai injiniya zaune a Kiru yana neman aiki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yafa mayafina na bar gidan bikin, ko shinkafar ban taɓa ba. Da yamma sai ga ka a kan babur ɗinka mai ƙarar nan. Na gaishe ka a tsaye.

Ka ce, "Fushi ake yi?"

Na ce, "Ka tona mana asiri a bainar jama'a, me ya rage?"

Ka ce, "Kyauta, mai hutu ba a kawo masa labarin aiki. Takardun 'ya'yan wasu ake kawo masa. Kina so ya zauna yana tara takardun mutane har ya tsufa?"

Har yau ban ce ka iya faɗa ba, Yaya. Da ka bi mutane ɗaya-ɗaya ai da ya fi. Amma daga ranar masu kawo takardu suka ɗauke ƙafa, yaron nan kuma ya fara zama a masallaci har a yi addu'a.

Washegari da sassafe ka zo ka buga masa ƙofa. Ka ce ya ɗauko rigar aikinsa mai ruwan lemo da takalminsa mai ƙarfe a baki, ya hau bayanka. Hasiya ta ce ya ce maka, "Kawu, injin ban ruwa fa? Wanda nake kula da shi ya fi ɗakin nan girma." Ka ce masa, "To wannan ƙaninsa ne, zo ku gaisa." Tun daga nan kullum kuna fadama, daga Dangora zuwa Ba'awa, wani lokaci har Tudun Wada. Ka ce ba don abin da za a samu ba ne, hannun da ya daina taɓa ƙarfe tsoron ƙarfe yake yi, mutumin da ba shi da wurin zuwa da safe kuma zuciyarsa ce take fara lalacewa. Ya dawo da yamma baƙi ƙirin da mai, ya ci tuwo ya nemi ƙari. Na ce wa Hamdiyya ta ƙara masa, ban ce ni na ce ba.

Bari in leƙa. A'a, ba yaron nan ba ne, masu wanke-wanke ne.

Ina muka tsaya? Intabiyu. Mutanen Dangora duk sun san intabiyun bakin shagonka. Ka sa tabarau, ka zauna a kan benci ka harɗe ƙafa, shi yana tsaye a gabanka, kana yi masa tambayoyi da Turanci kamar ba ka taɓa ganinsa ba. 'Yan achaɓa su kashe babura su taru suna kallo. Wani ya ce, "Haba Injiniya, a ba shi aikin mana, ya yi ƙoƙari!" Ka ce, "An ƙi. Yana magana yana kallon ƙasa. Ya dawo gobe." Su fashe da dariya, shi ma ya yi. Ka ce masa tarbiyyar gidanmu ce sunkuyar da kai gaban manya, amma mutanen can in ka sunkuyar sai su ɗauka ba ka san amsa ba. Da kyar ka koya masa kallon idon babba.

Ranar intabiyun gaske ta waya kuwa, sabis ɗin Kiru ya ƙi, kuka tafi Kwanar Dangora bayan wani shago. Ka ɗauke wa matarka Safara'u farin zanin gadonta ka rataya a bayansa wai don ya yi kama da ofis. Kai kuma ka tsaya a bakin hanya kana roƙon 'yan tasha su rage ihu, kana ɗaga wa masu tanka hannu kada su yi hon. Safara'u ta nemi zaninta ta rasa, sai ga shi ya dawo da tabon giris. Jiya ma tana cikin kuka ta tuna, muka yi dariya, muka koma kuka.

Wannan aikin bai samu ba. Na bayansa ma bai samu ba. Wasu suka ce shekarunsa sun wuce wanda suke nema, wasu suka ce za su kira, har yau. Akwai waɗanda suka aiko masa da albishir na ƙarya, kai ka gano 'yan damfara ne. Duk ranar da aka ce a'a, ina ganewa, don kwanon abincinsa a rufe yake dawowa. In aika a kira ka. Ka zo ka shiga ɗakinsa, ban san me kuke faɗa ba, in dai ji ka fito kana cewa, "Gobe da wuri, akwai inji a Ba'awa ya sha yashi."

Sai maganar ruwa ta taso. Ka ce guraben da suka rage yawanci a kan teku suke, kuma ba a ɗaukan mutum sai yana da satifiket ɗin tsira a ruwa. Hasiya ta yi mini bayani, da ma ba ta yi ba. Wai a sa mutum cikin wani akwati mai kama da jirgi mai saukar ungulu, a ɗaure shi da bel, a nutsa shi cikin ruwa, a kife shi, a ce ya kwance kansa ya fito ta taga. Yaron da ko a kududdufi bai taɓa wanka ba! Ranar ban iya jira ka zo ba, na hau achaɓa na same ka a shago.

Na ce, "Yaya ka ce wa yaron nan ya nemi na tudu."

Ka ce, "Na tudu mun nema, kina gani."

Na ce, "To ya haƙura. Ga noma."

Ka ajiye ƙarfen da ke hannunka. Sannan ka ce, "Wannan saƙon ba zan kai ba." Shi ne saƙona ɗaya da ka taɓa ƙin kaiwa.

Maimakon haka ka riƙa ɗaukarsa zuwa dam ɗin Tiga, wajen masunta, su koya masa iyo. Kai ma da furfurarka ka tuɓe ka shiga da singileti, ruwa iya ƙirji, kana ce masa, "Buga ƙafa, malam, ba taɓarya ba ce!" Masuntan suka sa masa suna Dutse, don da an sake shi sai ƙasa. Duk ranar da kuka tafi ba na iya komai a gida, gishiri ma sau biyu nake zubawa. Amma ya iya. Ya je kudu ya yi horon, aka kife shi, ya fito.

Kuma kun san daga ina aikin ya zo? Daga ɗaurin auren nan da na yi fushi a kansa. Wani dattijo mutumin Doguwa yana wurin, ya koma gida ya faɗa wa ɗansa Zailani da ke aiki a kan teku. Zailani ya riƙe abin a ransa, har ranar da ya ji kamfaninsu na neman mai kula da injinan tura gas, ya nemi lambar Yaya Inuwa ya kira. Aka yi intabiyu, aka duba lafiyarsa. Ranar Talatar nan suka kira suka ce ya samu, ya bayyana a ofishinsu na Fatakwal ranar Litinin da safe, wanda bai zo ba za a ba na bayansa.

Talata da yamma ka zo Kiru, Yaya. Tun daga bakin layi kake hon. Ka shigo ko sallamar kirki ba ka yi ba, hularka a karkace, kana cewa, "Kyauta, fito, ɗanki ya koma!" Na ce Alhamdu lillahi, ka ce masa Allah ya sa alheri. Ka ce, "Yana bayanki fa a tsaye." Na ce na sani. Ka girgiza kai ka juya ka faɗa masa. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

To ga abin da ya hana ni zama.

Ɗazu bayan addu'a, a gaban maza, yaron nan ya ce ba zai tafi ba. Ya ce ba zai bar gidan kawunsa ba a yi bakwai ba, kuma shago da marayunka su Munir da Hussaina wa zai bar wa? Shi zai zauna ya riƙe. Baba Ɗanliti, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba yanzu, ya ɗaga hannunsa sama ya ce ga ɗan halak, aka yi ta sa masa albarka. Wa zai ce a'a a wurin? Wa zai buɗe baki a gidan makoki ya ce wa mutum tashi ka tafi neman aiki?

Su ba su san abin da na sani ba. Ko sun sani sun manta. Kai ma a Warri kake aiki lokacin da aka sallame ku, ina amarya. Ka nema, ka nema, wani kamfani ya kira ka, ana saura kwanaki ka tafi Baba ya rasu. Ka ce bari a yi bakwai. Aka yi bakwai ka ce bari a yi arba'in, ga Inna, ga ƙanne, ga gona. Da ka je sun ɗauki wani. Ka dawo ka buɗe shagon nan, ba ka sake komawa ba. Ba ka taɓa yi wa kowa gori ba, ka riƙe mu, ka aurar da ƙannenmu, Allah ya gani. Amma ni na sha ganinka a bakin titi, kana tsakiyar magana tanka ta wuce, ka yi shiru ka bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ka ce, "Me ma nake cewa?" Rana ɗaya tak ka faɗa mini da bakinka, a tsakar gidan nan. Ka ce, "Kyauta, da a lokacin an samu mutum ɗaya ya ce mini tafi, da na tafi. Kowa albarka ya sa mini."

Ɗazu Hasiya ta shigo nan da jakarsa, ta haɗa masa kaya bai sani ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, na yi magana ya ce in yi shiru. Zailani ya kira ya ƙi ɗagawa. Ke kaɗai ce ba ki taɓa ce masa yi kaza ba. In kika faɗa zai ji." Motar kudu kafin magariba take wucewa ta Kwana. In bai hau ta yau ba, shi ke nan.

Kuma in faɗa maka gaskiya, Yaya, tun da kai ba a ɓoye maka: raina yana so ya zauna. Da na ji abin da ya faɗa sai da na ji wani sanyi. Ba teku, ba jirgi, ba kifewa, kullum in ji ƙarar babur ɗinsa da yamma. Ga ni na rasa ka, sai kuma in tura shi kan ruwa da bakina? Amma na ga mutumin da ya zauna. Na ga idonsa shekara da shekaru. Marayun nan ma, in yana aiki ya fi iya riƙe su fiye da in yana bin injinan fadama, shago kuma ga Mujitaba abokin aikinka, ya san komai. Duk na san wannan. Faɗar ce ban san yadda ake yi ba. Ta ina ake farawa? In ce masa zauna? In kalle shi? Na gwada a bakina ni kaɗai a ɗakin nan, muryar ba ta fito ba.

Na dai aiki Hamdiyya rumfar maza ta ce ina kiransa. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Inna, ke kike kiran Yaya? Da kanki?" Na ce wuce ki ba ni wuri.

Bari in yi sauri in yi maka addu'a kafin su zo.

Allah ya jiƙanka, Yaya Inuwa. Allah ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa ka amsa tambaya da sauƙi. Gonakin da ka tayar wa inji suka sha ruwa, da yawa ba ka karɓi komai ba, Allah ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yadda ka tsaya wa maraya ka ƙi bari ya lalace a ɗaki, Allah ya tsaya wa naka. Allah ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna Firdausi. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Safara'u, ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki gama takabarki lafiya, ba za mu bar ki ke kaɗai ba. Munir, Hussaina, da ƙannenku, ubanku mutumin kirki ne, ku riƙe wannan. Baba Ɗanliti, Allah ya ƙara maka juriya, in kuma ka ji wani abu ya canza yau, ka yafe mini, ba raini ba ne. Mutanen Dangora da Kiru da Ba'awa, masuntan Tiga da suka zo jana'iza, da waɗanda suka taso tun daga Doguwa da Tudun Wada, mun gode, Allah ya ba da lada, ya mayar da kowa gida lafiya. Duk wadda ta karanta wannan ta yi masa Ƙulhuwallahu, kuma in akwai wadda ya taɓa ɓata wa, don Allah ta

Ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Shi ne. Ya yi sallama a hankali, wai, "Inna, an ce kina kira."

Ga shi ya zo, Yaya. Zan ce masa ya tafi. Bari in zare sakatar.